An Buɗe Lafiya

Lahadi, 2 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Baba? Ya yarda yana shan maganin hawan jinin, ko har yanzu yana ɓoye shi a aljihun tebur tare da tsofaffin hatimai? Ni lafiyata ƙalau, in ban da murar da ta ƙi rabuwa da ni. Ɗakin da nake aiki sanyi ake sakar masa saboda injina, mu mutane ko oho. Layi goma sha huɗu ne na dogayen akwatunan ƙarfe cike da sabar, wato kwamfutocin da ba mai zama a gabansu, aikinsu kawai su riƙe bayanan jama'a. Babu taga, ba a shiga da waya, sai ƙugin fanka. Shi ya sa nake damun ki da wasiƙar imel. Ko na kira ma kin san yadda take ƙarewa, kunnen Baba ya yi nauyi, in kin miƙa masa wayar sai ya ce ki ce mini sun gode.

Aiki zan roƙe ki. Kin tuna baƙin akwatin da na ajiye a ƙarƙashin kantar shago ana gobe zan tafi? Shi ma ƙaramar sabar ce, a ciki takardun da Baba yake buga wa mutane suke. Na sa masa wata 'yar manhaja da muke kira wakili. Aikinsa biyu ne, ya kwafi takardun ya turo su ajiya, kuma duk minti ɗaya ya aiko mini da alamar cewa yana raye. A allona alamar ɗigo ce. In kore ne akwatin yana aiki, in ruwan toka ne a kashe yake.

To rabin aiki na yi, kuma abin yana ci mini rai har yau. Kin san yadda ranar ta kasance. Ina durƙushe ina haɗa wayoyi, Baba yana tsaye a kaina yana cewa shagon da ya riƙe shekara arba'in zan bar wa gizo-gizo. Sai na manta ban saita wakilin ya riƙa tashi da kansa ba. Da na tuna, sai na rubuta umarnin a takarda na manna a gefen allo, na ce duk wanda ya kunna akwatin ya buga wannan layin. Shekara biyu da wata huɗu ke nan dattijo yana biyan kuskurena da yatsunsa kowace safiya. In abokan aikina suka ji, sai sun yi mako suna mini dariya.

Yanzu sabon wakili ya fito, tsohon zai daina aiki ƙarshen wata. Na haɗo miki matakan a takarda ta biyu, guda tara ne, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kada ki yi tsallake irin na gyaran jarrabawar ɗalibanki. Mataki na takwas shi ne zai sa ya riƙa tashi da kansa. Batirin da na aiko watan jiya ki jona shi tsakanin akwatin da soket. Daga nan ba sai an ƙara kashewa ba, sabar ba a kashe ta, kuma ba a rufe ta da ƙyalle. Ki lallaɓa Baba a kan wannan.

Kada ki gaya masa, amma ƙarfe bakwai da minti goma na wajenku, tara da minti goma ke nan a nan, nakan bar duk abin da nake yi in tsaya gaban allo har ɗigon ya koma kore.

Ƙaninki,
Auta

Asabar, 8 ga Maris

Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, ƙaramar ta fara haƙori ta hana kowa sakat. Baba yana shan magani ranar da na tsaya a kansa, ranar da ban tsaya ba Allah ne masani. Murarka kuma ka nemi hular sanyi, ai tun kana yaro kunnuwanka ne ƙofar ciwonka.

Na yi aikinka yau da la'asar bayan na taso daga makaranta, kuma ka ci bashin haƙurina, domin ba ka rubuta cewa in mutum yana buga kalmar sirri ba ta fitowa a allo ba. Sau uku ina bugawa ina ganin wayam, har na juya kibod ɗin na girgiza shi ko wani abu ya maƙale. Mai gyaran agogo na kusa da mu ya leƙo ya ce ko in kira masa ɗansa, na ce a'a, muna da injiniya a gidanmu, nesa kawai yake. A karo na huɗu na rufe ido na buga na danna, sai ga shi ya wuce. Daga nan rubutu ya yi ta gudu a baƙin allon nan, ya tambaye ni e ko a'a sau biyu, na ce e kamar yadda ka ce. Na kashe na kunna don gwaji, ban taɓa komai ba, layin da ka ce zai fito ya fito. Sai ka duba ɗigonka ka gaya mini ko na ci jarrabawa.

Ka ce dattijo yana biyan kuskurenka. Ka taɓa ganin yadda yake biyan? Bakwai daidai yake saukowa daga sama, ya ɗage ƙofar ƙarfe, ya yaye ƙyallayen da ya lulluɓe injina da su, na injin kwafi tukuna, na akwatinka a ƙarshe. Ya sa tabarau, ya gyara zama ya miƙe baya kamar wanda za a ɗauka hoto, ya ɗora yatsu goma. Takardarka ta koɗe ta naɗe ko kallonta ba ya yi, ya haddace. Yana dukan kibod ɗin da ƙarfin da yake dukan tsohuwar tafiretarsa, har mai agogo yana cewa da ƙarar yake saita agogunan shagonsa. Ni ban cika zuwa da safe ba, amma ranar da na zo nakan ga ya ɗan jima a wurin kafin ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

Yau yana tsaye a bakin matakala har na gama. Na yi masa bayani da ƙarfi a kunnen da ya fi ji, cewa daga yau akwatin zai kwana a kunne, kuma ba sai kowa ya buga komai ba. Ya tambaye ni ko kai ka ce a yi haka, na ce kai ne. Ya ce, “To ni kuma fa?” Na ce ai hutu ya samu. Ya ɗauki ƙyallen akwatin ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun tebur. Da zan tafi ya ce, “Ki ce masa ya kyauta.” Ni dai na isar.

Kujerarka ta roba tana nan a bayan kanta, ya hana a fitar da ita ko da shago ya cika mutane suna tsaye.

Yayarka

Litinin, 10 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan haƙorin 'yar ƙarama ya fito an huta. Na sayi hular, kin yi gaskiya, ba sai kin ƙara faɗa ba.

Kin ci jarrabawa da maki cikakke. Ɗigon kore shar tun ranar Asabar, ko ƙiftawa bai yi ba. Maganar kalmar sirri laifina ne, mu mun saba har mun manta wani zai iya tsorata.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto da wuri ba. Baba ya ce na kyauta. Yaya, na karanta layin nan ya fi sau goma. Tun da na tafi wannan ce kalma ta farko da ya aiko mini wadda ba “mun gode” ba. Na san shi, ba zai ce ya huce ba, amma in ya ce ka kyauta ai an fara hanya. Na fita cin abincin rana ina ta murmushi ni kaɗai, har mai gadin ƙofa ya tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Yau da safe na tsaya gaban allo da tara da minti goma bisa sabo, sai na tarar ba abin jira, ɗigon ya riga ni. Na ɗan ji wani iri, ba zan ɓoye miki ba. Amma gara ni in rasa abin kallo da a ce yana wahala a kan aikin da inji zai yi da kansa. Ki gaishe shi, ki ce na ji saƙo.

Auta

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, ni ma lafiya, murar ta tafi.

Mako huɗu ba wasiƙa. Ko dai an naɗa ki shugabar makaranta ne kin fi ƙarfin 'yan uwa? Na kira sau biyu ranar hutuna wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na ce lokacin jarrabawa ne, kin nutse a cikin takardu. Ban damu ba, domin ina da mai kawo mini rahoto wanda ba ya gajiya. Kullum ɗigon nan kore ne, na san shago yana nan, kuna nan. Kin ga amfanin aikin da aka gama shi daidai.

An ƙara mana layi biyu na injina, ni aka ba sa wa kowanne wakilinsa. Guda tamanin na sa a yini biyu, babu wanda na manta mataki na takwas. Duk wanda na gama sai in tuna akwatinmu na ƙarƙashin kanta, da warin tawada da takarda mai ɗumi in ta fito daga injin kwafi. Nan ba abin da yake da wari, har shayin ma.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Auta

Laraba, 9 ga Afrilu

Auta,

Lafiya muke yanzu, da sauƙi, alhamdu lillahi. Zan faɗa maka a miƙe domin ba ni da ƙarfin kewaye-kewaye.

Ranar Alhamis ashirin ga Maris Baba ya faɗi a matakala da safe. Mai agogo ne ya ga har takwas ƙofar shago ba ta ɗagu ba, ya zagaya ta baya ya same shi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Yanzu yana gida a wajena, a ɗakin yara. Magana ta dawo, tana ɗan ja. Ƙafa tana takawa da sanda. Hannun dama ne har yanzu bai amsa ba.

Shago a rufe yake tun ranar. Kwana ashirin ke nan ba wanda ya taka cikinsa, akwatinka yana can shi kaɗai yana gaya maka muna lafiya. Da na karanta wasiƙarka na kai wajen “kin ga amfanin aikin da aka gama shi daidai”, sai da na ajiye ta na fita tsakar gida.

Za ka ce me ya hana ni gaya maka. Ranar farko a asibiti, da bakinsa ya fara buɗewa, na ce zan kira ka. Ya riƙe mini mayafi da hannun hagu ya ce kada in kira, ai ka sani. Na ce ta yaya? Ya ce, “Na rubuta masa tun ranar Litinin cewa hannuna yana mutuwa. In zai zo, zai zo.” Na sake tambayarsa washegari ko ruɗin ciwo ne, ya maimaita mini daidai, har da ranar. Ka san Baba ba ya ƙarya kuma ba ya kuskuren kwanan wata.

To na zauna ina jiran kiranka na tashin hankali, bai zo ba. Da kiranka ya zo ranar hutunka ina kallon wayar tana ƙara na ƙi ɗauka, domin in na ɗauka abin da zan faɗa maka ba mai daɗi ba ne. Na ce wanda mahaifinsa ya rubuta masa haka ya yi kwana goma bai ɗaga waya ba, ba ni da abin ce masa. Yanzu kuma ga wasiƙarka kana mini barkwanci. Ko dai ka zama wani mutum da ban sani ba, ko kuma akwai abin da ban gane ba. Ka gaya mini wanne ne.

Kullum da safe wajen bakwai sai ya farka ya zauna a bakin gado ya sa tabarau, ba abin da zai karanta.

Yayarka

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri. Na karanta a tsaye a bakin ƙofar wajen aiki, na kasa komawa ciki.

Wallahi ban sami komai ba. Ba wasiƙa, ba saƙo, ba kira. Na bincike akwatin saƙona har wajen da ake zubar da tarkace, na tambayi ofishin karɓar wasiƙu na gidan da nake haya, babu. Tun da na tafi ko harafi ɗaya daga hannun Baba bai taɓa iso ni ba. Da na ga layin nan da kike faɗa, da a ranar zan kama hanya, ko da za su kore ni.

Ki tambaye shi a hankali, ta ina ya rubuto? Wa ya ba? Wane adireshi ya sa? Kada ki ce ina musu ne, so nake in san inda ta maƙale.

Ina kallon ɗigon nan yanzu, kore, kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa tsanar wata kala haka ba.

Auta

Asabar, 12 ga Afrilu

Auta,

Baba da sauƙi, jiya ya taka har ƙofar gida ya dawo. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Na tambaye shi ta ina ya rubuta, ya dube ni kamar na tambaye shi ta ina rana take fitowa, ya ce ta akwatin mana. Ban gane ba. Yau na je shago in ɗauko masa carbinsa da ya bari, na ga ƙura ta rufe kibod, na sa gefen mayafi ina gogewa. Hannuna ya danna maɓallin kibiyar nan mai kallon sama, sai ga rubutu ya fito a baƙin allon. Na sake dannawa, wani ya fito. Ashe injin yana riƙe da abin da aka buga masa a baya.

Auta, kowace safiya in ya buga layinka, sai ya buga nasa a ƙasa. Da kwanan wata a farko, irin na wasiƙun da yake buga wa mutane. Na zauna a kujerarka ina dannawa ina kwafa a littafi har aka kira la'asar. Ga kaɗan:

“4 ga Janairu. An buɗe lafiya. Injin kwafi yana cin takarda, na gyara da kaina.”

“19 ga Janairu. An buɗe lafiya. Yau shekara shida da rasuwar mahaifiyarku. Ka yi mata addu'a.”

“2 ga Fabrairu. An buɗe lafiya. Wani ya zo da rigar ruwan ƙasa irin taka, na ɗauka kai ne daga nesa.”

“23 ga Fabrairu. An buɗe lafiya. Maganar gizo-gizo da na yi, ɓacin rai ne.”

Yawancinsu “an buɗe lafiya” ne kawai. Bayan ranar da na yi maka aikin nan ma bai daina ba. Na tara ga Maris ya ce, “An ce ba sai na buga ba. Na buga.” Na goma sha bakwai shi ne wanda ya faɗa mini: “An buɗe. Hannuna na dama yana mutuwa tun jiya. Ban gaya wa yayarka ba, tana da jarrabawa.” Na sha tara shi ne na ƙarshe, kwanan wata kawai, bai rubuta komai a gabansa ba.

Na yi ta komawa baya har maɓallin ya daina kawo komai. Ya tsaya a wani Nuwamba, shekara ɗaya da 'yan watanni. Na farkon tafiyarka babu su. Ka gaya mini ko akwai inda suke.

Na dawo gida na tambaye shi wa ya ce masa rubutun yana zuwa wajenka. Ya ce kai. Wai ranar da za ka tafi ka dafa akwatin ka ce duk abin da ya faru a nan wakilin zai gaya maka. Na ce to bai ga injin yana mayar masa da amsa cewa bai gane umarnin ba? Ya ce ya gani, ya ɗauka injin yana nufin wannan maganar ba tasa ba ce, ta maigidansa ce, zai miƙa.

Sai na tambayi abin da nake tsoro, ko bai yi mamakin rashin amsarka ba. Ya ce, “Ni na fara yi masa shiru ranar da ya tafi. Na ce in ya rama, ya yi daidai.” Da kuma aka ce ka aiko a daina bugawa, sai ya ɗauka ka gaji da karantawa ne. “Ya kyauta” ɗin da ka yi ta murna da ita, abin da take nufi ke nan. Ni ma da na isar da ita ban tsaya na dubi fuskarsa ba.

Na gaya masa ba ka taɓa ganin ko ɗaya ba. Sai ya ce ashe aikin banza ka yi, wakilin da ba ya kai saƙo. Ku biyun nan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi yana magana da akwati, kai kana gaisawa da ɗigo, ni ina tsakiya da waya a hannu.

Yayarka

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba zan ce lafiya nake ba, amma ina tsaye.

Na farkon babu su. Injin layi dubu kawai yake riƙewa, in sabo ya shigo sai mafi tsufa ya fita. Layi biyu Baba yake bugawa kullum, nawa da nasa, kin ga rabin wurin ma umarnina ne ya cinye. Abin da ya ce mini a makon da na tafi, da watan da ya biyo, ba wanda zai ƙara gani. Na san hanyar da ake faɗaɗa wurin, layi ɗaya ne, minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba a ranar. Ki riƙe littafin da kika kwafa da kyau, kuma kada ki buga komai a akwatin sai abin da zan faɗa miki.

Garin neman gira na rasa ido. Da ban gyara komai ba, ranar ashirin ga Maris da tara da minti goma ɗigon zai ƙi zama kore, kafin tara da rabi na kira ki, na kira mai agogo, na tayar da unguwa.

Ga matakai huɗu a takarda ta biyu. Na farko zai adana layukan da suka rage. Na biyu zai warware mataki na takwas, wakilin ya koma ba ya tashi sai an tashe shi. Na uku zai sa duk abin da aka buga a allon ya iso gare ni, ya zama wakilin da na yi masa alkawari. Na huɗu rubutu ne da zai riƙa fitowa da zarar an kunna, na bar shi a buɗe don ki gani: “Baba, ina kwana. Yanzu ina karantawa. Kullum da bakwai da minti goma ina tsaye ina jiranka, tun ranar farko.”

In kin gama ki kashe akwatin, ki ciro ƙyallen daga aljihun tebur ki rufe shi. Duk abin da na ce a kan ba a kashe sabar, a bar shi a nan wajen aikina. Kada ki matsa wa Baba ya je shago. Ranar da ƙafa ta yarda, ki kai shi ki bar shi da kibod ɗin. Zan ga ruwan toka har zuwa ranar, na yarda.

Auta

Talata, 22 ga Afrilu

Yaya,

Da fatan kun koma gida lafiya, Baba bai gaji sosai ba.

Kwana takwas ina tsayawa gaban toka. Yau ma na tsaya da tara da minti goma, ba komai, na koma aiki. Sha ɗaya saura kwata abokin aikina ya taɓo ni ya ce wannan ɗigon nawa na gefe ya canza.

Na ga yadda ya yi. Sau uku umarnin yana zuwa da kuskure yana sakewa, mutumin da ya yi shekara arba'in ba ya kallon yatsunsa. Da hagu yake yi, na sani, da yatsa ɗaya. Daga layin farko zuwa lokacin da wakilin ya tashi minti goma sha ɗaya ne. Na gode da ba ki karɓa kin buga masa ba, na san hannunki ya yi ƙaiƙayi.

Sai aka jima, nasa ya shigo. Kina wurin amma ban sani ba ko ya bar ki kin gani:

“22 ga Afrilu. An buɗe. Ba lafiya sosai ba. Ka zo.”

Na je wajen shugabana da takardar hutu kafin in zauna. Ya fara maganar sababbin injina, na ce tamanin ɗin duk suna tashi da kansu, ba sa bukatata. Ya sa hannu. Ranar Juma'a zan taso, in Allah ya yarda Asabar da yamma ina gida.

Ki gaya masa ranar, kada ki ce za ki yi masa ba-zata, ya jira abin da ya isa. Kuma kada ki cire tsohuwar takardar da ke gefen allo, ni ban haddace layin ba. Ranar Lahadi da bakwai zan riƙe shi mu je shago, in ɗage ƙofar, in yaye ƙyallen, shi ya buga.

Ƙaninki,
Auta